Kwalin dabbobin roba da na saya wa 'yan ajina a Jos: zakin ya yi, rabbin bai yi ba

Duk malamin firamare, ko uwa mai 'ya'ya masu yawan tambaya, kwalin dabbobin roba da ake sayarwa a shagunan kayan wasa na titin Ahmadu Bello, kafin a kai Taminus, ya ci kuɗinsa. Amma babban kwalin nake nufi, mai dabbobi 24, ba 'yar ledar nan da ake ratayewa a bakin ƙofa ba, wadda za ka tarar da zaki kore da giwa ja a ciki. Ni na biya ₦16,500 bayan ciniki. Babu sunan kamfani a jikinsa, sai 'yar takarda da ke nuna daga ƙasar Sin aka shigo da shi.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri. Da na ce sai na buɗe na gani kafin na biya, yaron shagon ya fara ɓata rai, shi kuwa ya ce, "Bar ta ta duba. Malama, ki zazzage su duka a kan teburin nan, in ba su yi miki ba ba dole." Na ce, "Baba, na gode, zanen jikinsu nake son gani." Ya yi dariya ya ce shi tun da yake sayar da su, ba a taɓa zuwa masa da wannan ba, kowa ƙwarin roba yake tambaya.

To, ƙwarin akwai shi. Robar mai tauri ce, tana da nauyi a hannu, zakin ya cika tafin hannuna. Da farko suna warin fenti, sai da na wanke su da ruwan ɗumi da garin sabulu na shanya a inuwa kafin ya tafi. Fentin bai zuba ba, kuma har yanzu bai ɓare ba duk da cewa sun sha faɗuwa a kan siminti. Raƙumin dawan ne kawai ƙafarsa ta baya ta zo a lanƙwashe, ba ya tsayawa sai an jingina shi. Akwai ƙanana guda biyu, dila da kyanwar daji, da za su iya shiga bakin yaro, don haka ba kayan ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne.

Aji huɗu nake koyarwa. Abin da ya tura ni kasuwa tambayar wata yarinya ce a darasin dabbobi da mazauninsu: "Malama, in dai zaki ne sarki, me ya sa damisa ta fi shi ado?" Ajin ya kwashe da dariya, amma tambaya ce ta gaske, kuma hoton da ke littafinmu baƙi da fari ne, ya dusashe, ba ka bambance damisa da kyanwar gida. Abin da nake nema shi ne dabbar da yaro zai riƙe, ya juya cikinta, ya duba wutsiyarta. A nan kwalin ya biya ni fiye da zatona, ko da yake ba duka ba.

Zakin da zakanyar su ne suka fi kyau. An yi musu ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, bayansu ya fi duhu, cikinsu ya fi haske, bayan kunnuwa baƙi, tukkun wutsiya baƙi. Wannan hasken cikin ba ƙawa ba ce. Rana daga sama take haskowa, sai bayan dabba ya yi haske, cikinta ya faɗa inuwa. In Allah Ya yi bayan da duhu, cikin da haske, sai biyun su daidaita, jikin ya daina nuna kaurinsa daga nesa. Wani mai zane ɗan Amurka, Abbott Thayer, shi ya yi fice wajen bayyana wannan tun wajen ƙarshen ƙarni na 19. Barewa ma haka take, kifi ma haka. Masu arha ba sa damuwa da wannan, launi ɗaya suke watsa wa dabba daga kai har ƙafa. Damisar ma an yi ta daidai: zobe-zobe baƙaƙe a jiki, tsakiyarsu ta fi sauran fatar duhu kaɗan, a kai da ƙafafu kuwa ɗigo-ɗigo ne cikakku.

Lokacin hunturu ne, ciyawar bayan makarantarmu ta bushe ta yi ruwan ƙasa har gindin dutse. Na sa yaran suka juya baya, na ajiye zakanya da damisa a cikin busasshiyar ciyawa a fili, na ce su ja da baya su nemo da ido kawai. Damisar suka fara gani, nan take. Zakanyar kuwa sai da wani ya kusa taka ta. Daga nan muka koma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, inda rana ke ratsowa ta ganye tana zuba a ƙasa tsilla-tsilla a kan busassun ganyaye. A nan labari ya juye. Zakanyar ta fito fili, dunƙule guda mai launi ɗaya, damisar ta ɓace. Ban yi wani dogon bayani ba bayan wannan, su suka riƙa faɗa mini amsar suna rige-rige.

Abin da suka gani shi ne abin da masana suka tarar. A 2010, William Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Bristol da ke Ingila sun auna zanen jikin nau'i 35 na dangin kyanwa na daji, suka gwama shi da inda kowacce ke zama da lokacin da take farauta. Waɗanda ke cikin kurmi, masu hawa bishiya, masu fita da dare ko da duku-duku, su suka fi zane, kuma zanensu ya fi rikitarwa. Masu zama a fili sun fi zama launi ɗaya. Dalilin a bayyane yake: dangin kyanwa mafarautan kwanton ɓauna ne. Ba su da dogon numfashin bin nama na tsawon lokaci, dole su laɓaɓa su kusanto sosai kafin su daka tsalle. Wanda aka hango shi tun daga nesa, ranar da yunwa zai kwana. Zaki ɗan fili ne, sai aka ba shi launin filin. Damisa 'yar duhuwa ce da kan bishiya, can take jan namanta ta rataye don kada kura ta ƙwace mata, sai aka ba ta launin inuwar ganye. Fuma ta nahiyar Amurka, wadda ake samu tun daga Kanada har kudancin Chile, launi ɗaya ce. Haka kyanwar dajin nan ta busassun wurare, mai dogayen kunnuwa da baƙin gashi a tsininsu, ja-ja ce ba zane.

Sai dai ƙa'idar ba ta kama kowa ba, kuma masu binciken da kansu sun faɗi haka. Akwai wata kyanwa a kurmin tsibirin Borneo da ba ta da zane duk da duhun da take ciki. Ga kuma rabbi, wanda Turawa ke kira cheetah, ɗan fili, mai farauta da rana tsaka, amma jikinsa duk ɗigo.

Rabbin nan shi ne babban laifin kwalin. Damisa kawai suka ɗauko suka rage mata ƙiba. Sun yi masa zobe-zobe, alhali zanen rabbi ɗigo ne baƙi cikakke, ba rami a tsakiya. Sun kuma manta da abin da ko daga nesa ake gane shi da shi, wato baƙin layin nan da ke gangarowa daga lungun ido zuwa gefen baki, kamar kwalli ya zubo wa mai kuka. Kansa ma sun yi shi ƙato, alhali rabbi ƙaramin kai gare shi da dogayen ƙafafu da siririn ƙugu, ginin gudu, dabbar da ke kaiwa kusan kilomita 100 a awa a ɗan gajeren zango. Wannan ya ba ni haushi, domin damisa da rabbi su ne biyun da mutane suka fi rikitawa, har manya. Na ɗauki alƙalamin maka baƙi na cike zoben ɗaya bayan ɗaya na ja masa layin fuska. Ya yi dama-dama, amma bai kamata mai saye ya ƙarasa aikin masana'anta ba. Jaguwa ta Kudancin Amurka, abin mamaki, ita sun yi ta daidai: zobenta sun fi na damisa faɗi, da ƙananan ɗigo a cikinsu, jikinta a dunƙule. Yadda aka yi mai fentin ya lura da wannan ya kasa lura da fuskar rabbi, Allah kaɗai Ya sani.

Damisar Asiya mai ratsi, wadda yara ke kira taiga, ita ta fi jawo musu. An yi ta ruwan goro mai haske da baƙin ratsi a tsaye, ciki fari, har da farin tabon nan na bayan kunne. Wani yaro ya ce, "Malama, wannan ai ba ta iya ɓuya ba, ko makaho zai gan ta a cikin ganye." A idonmu gaskiyarsa. Amma ba don idonmu aka yi ta ba. Mutum yana da ƙwayoyin gane launi iri uku a ido, barewa da dangoginta iri biyu gare su, ba sa raba ja da kore. Ruwan goron da ke ƙyalli a wurinmu, a wurinsu ya saje da ganye. A 2019 wasu masu bincike, su ma a Bristol, sun nuna hakan da hotunan da aka sarrafa a kwamfuta. Akwai kuma wani dalili: dabbobi masu shayarwa ba sa iya yin koren launi a gashinsu. Sinadarin launi iri biyu kawai gashi ke da shi, ɗaya yana ba da baƙi da ruwan ƙasa, ɗaya yana ba da ja da rawaya. Da waɗannan biyun, da kuma fari inda babu ko ɗaya, aka yi duk adon da ke cikin kwalin nan. Na ajiye taigar a cikin ganyen masara na lambun makaranta na ɗauke ta hoto da waya, na mai da hoton baƙi da fari. Ba haka barewa ke gani ba daidai-wa-daida, tana ganin shuɗi da rawaya, amma ya isa ya nuna wa yaro cewa in aka cire ƙyallin, ratsin yana yayyanka jikin har ya daina kama da dabba.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne ɗan zaki. Da sun sa shi da zanensa na gaskiya, da rabin darasina ya koyar da kansa. Ɗan zaki da roɗi-roɗi ake haifarsa, a jiki da ƙafafu, domin makonninsa na farko a ɓoye yake yin su cikin duhuwa ko kogon dutse, uwar ta tafi farauta ta bar shi. Yana girma zanen yana dusashewa, ko da yake wasu zakanya har su manyanta ana ganin burbushinsa a ƙafa da ciki. 'Ya'yan fuma ma haka suke. Kura kuwa akasin haka take: ɗanta baƙi-baƙi ake haifarsa ba ɗigo ko ɗaya, sai daga baya dabbare-dabbaren ya fito, in ta tsufa ya sake dusashewa. Kurar kwalin an yi ta da kyau, gaba a ɗage, baya a sunkuye, kunnuwa a zagaye. Siyaki mai ratsi babu shi.

Ana cewa kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma ga dangin kyanwa maganar ta wuce karin magana. Tun a ciki ake shata zanen, a fatar ɗan tayi, kafin gashi ya tsiro. Shi ya sa ɗigon ba ya ƙaruwa yayin da dabba ke girma, faɗi kawai yake yi, kuma ba biyun da nasu ya zo ɗaya. Da shi masu ƙidayar namun daji ke gane kowace damisa a hotunan kyamarar da suke ɗaurewa a bishiya. Yadda zanen ke samuwa kuwa, wani masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, wanda aka fi sani da harkar kwamfuta, ya kawo bayaninsa a 1952: sinadari biyu suna yaɗuwa a fata, ɗaya yana kunna launi, ɗayan yana danne shi kuma ya fi saurin yaɗuwa, sai tsibirai na launi su fito da tazara a tsakaninsu. Lissafin ya nuna cewa a wuri mai faɗi ɗigo ke fitowa, a wuri siriri kuwa ɗigon yakan haɗe ya zama zobe. Na ce wa yaran su duba wutsiyoyi. Ta damisar kwalin ta fara da ɗigo daga gindi, ta ƙare da ƙawanya-ƙawanya a tsini, yadda take a zahiri. Wannan 'yar kulawar ce ta sa na yafe wa mai fentin rabin laifinsa. Kuma abu kaɗan ke sauya zanen gaba ɗaya. Akwai rabbin da ake samu jefi-jefi a kudancin Afirka, mai manyan tabo da ratsi a gadon baya, wanda aka daɗe ana zaton wani nau'i ne daban, har sai da iyaye masu ɗigo na yau da kullum suka haife shi a Afirka ta Kudu a 1981. A 2012 aka gano cewa sauyi ne a ƙwayar gado guda ɗaya, ita ce kuma ke sa wasu kyanwoyin gida su fito da zane mai murɗe-murɗe maimakon siraran layuka.

Akwai baƙar damisa a kwalin, an shafe ta baƙi ƙirin. Ba laifi, amma ta gaske in haske ya doke ta ta gefe ana ganin zobenta a ƙarƙashin baƙin. Ba wata dabba ce daban ba, damisa ce da baƙin sinadari ya yi wa yawa, kuma an fi samunta a kurmi mai danshi da duhu irin na Maleshiya.

Ba kowane launi ne na ɓuya ba, kuma gezar zaki ta ishe mu misali. Ta kwalin baƙa-baƙa ce mai cika, ta yi kyau. A 2002, Peyton West da Craig Packer sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a Serengeti ta Tanzaniya, wanda ya ba 'yan ajina dariya da na ba su labari, domin su ma da zakunan wasa suka yi aiki, sai dai nasu girman zakin gaske ne. Sun ajiye su a daji, wasu da geza mai duhu, wasu mai haske, wasu doguwa, wasu gajera. Zakanya suka fi nufar masu baƙar geza. Baƙar geza alamar ƙarfi ce da ƙoshi, amma tana da tsada, domin tana tara zafi. Wato jikin zaki yana ɓuya daga nama, wuyansa yana shela ga 'yan uwansa. Dage ma, wanda babu shi a kwalin, bayansa fari-fari ne, ƙasansa baƙi, ba ya neman sajewa da komai, gargaɗi yake yi. Kyarkecin dajin Afirka kuwa, mai faci-facin baƙi da fari da ruwan ƙasa, ba ɗan kwanto ba ne, a garke yake bin nama da gudu har ya gajiyar da shi. Kowanne da irin facinsa, da farin tsinin wutsiya, kuma ana ganin hakan na taimaka musu su gane juna. Shi ma babu shi. A madadinsa an sa kyarkecin Turai mai ruwan toka.

Wannan ya kawo ni ga ɗaya ƙorafin. An cuɗa dabbobin duniya wuri guda ba tare da ko 'yar takarda da ke faɗin inda kowacce take ba. Ga farin beyar na yankin ƙanƙara, wanda gashinsa ba shi da launi ko kaɗan, fatarsa kuma baƙa ce, an kwantar da shi kusa da jakin dawa. Yaro zai tashi yana zaton duk a daji ɗaya suke. Kusan rabin ajina sun rantse akwai taiga a Yankari. Babu ita a Afirka gaba ɗaya, 'yar Asiya ce, mafi yawansu a Indiya. Abin da muke da shi zaki ne, shi ma ya yi ƙaranci ƙwarai, a Yankari ta jihar Bauchi da gandun Kainji, sai damisa a wurare irin Gashaka-Gumti. Sai da na zauna na yanka kwali na rubuta wa kowace dabba sunanta da nahiyarta da irin wurin da take zama, na manna a ƙarƙashin cikinta. Ba gada, ba mazo, ba gwanki a ciki, dabbobin da kakannin yaran nan suka sani a dazukan Filato. Da na faɗa wa mai shagon haka da na koma sayen alli, sai ya ce, "Malama, abin da aka loda mana a kwantena shi muke sayarwa." Ban ga laifinsa ba.

Ga wanda zai saya: a buɗe kwalin a shago, a tsayar da kowace dabba a kan tebur a ga ko ƙafafunta sun daidaita. A juya zakin a ga ko cikinsa ya fi bayansa haske, in launi ɗaya ne tas, mai arhar ne aka sa a babban kwali. A duba fuskar rabbi, na ga wani kwalin a shagon da ke gaba wanda nasa yana da layin ido, sai dai babu jaguwa a ciki kuma ya fi tsada. A goga ɗan yatsa mai laima a jikin taigar, in ruwan goro ya biyo hannu a ajiye. Ga aji mai yara da yawa kwali ɗaya ya yi kaɗan, ni ƙungiya-ƙungiya nake raba su, kuma ina ƙirga dabbobin kafin a tashi, domin baƙar damisar ta taɓa kwana a aljihun wani.